Huhun direban Adaidaita Sahu: yadda muka bi layin gwaje-gwaje da yayana

Duk teburin da muka zauna a asibiti, tambaya ɗaya ake fara yi wa yayana: "Malam, kana shan taba?" Nas ta tambaya, likitan farko ya tambaya, mai ɗaukar hoton ƙirji ma da ba huruminsa ba sai da ya tambaya. Har abin ya fara ɓata masa rai, don mutum ne da ko goro bai dame shi ba. Sai da muka kai gaban likitar ƙirji, bayan mun sha zirga-zirga, sannan aka samu wadda ta ajiye biro ta ce, "To, mece ce sana'arka, kuma a ina kake wuni?"

A titi yake wuni. Ya fara acaɓa tun yana saurayi, zamanin baburan nan masu shan baƙin mai, waɗanda ke tafe suna barin shuɗin hayaƙi a baya. Da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 sai ya koma Adaidaita Sahu, yana jigila daga Kurna zuwa Bata da 'Yan Kura, wani lokaci ya zarce Kwari ko Singa idan ya samu mai kaya. Wanda ya san layin nan ya san yadda ake cakarewa a bayan tirela da yamma, salansarta daidai fuskar direban keke, ba gilashin da zai ɗaga, ba inda zai kauce. A haka ya kwashe sama da shekara ashirin.

Tari ne ya fara damunsa, a matsayin baƙon hunturu. Idan hazo ya sauka ya zo, idan bazara ta kama ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Kullum da asuba sai ya daɗe a tsakar gida yana kakarin kaki kafin ya iya alwala. Sai haki: tura keke idan ta mutu, wanda da bai ɗauke shi komai ba, ya zama sai ya dafa ƙarfe ya huta. Ga ciwon kai da ke kama masa ƙeya. Kemis ɗin unguwa kuwa ya zama gidansa na biyu, yau maganin tari, gobe na mura, jibi na ciwon jiki. Abin da ya sa na matsa masa shi ne ranar da ya ja mu sallar magariba a gida, ya kasa kai ƙarshen aya ba tare da ya yanke ya ja numfashi ba. Yaya mai dogon numfashi ne a karatu, mun san shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Matakin farko shi ne yankan kati da awo. Nas ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta ce ya zauna ya huta tukuna, ta sake. Duka biyun sun haura 160 bisa 100. Ta tambaye shi maganin hawan jinin da yake sha, ya ce shi ba shi da hawan jini. Ta ce, "Kana da shi, Malam, sani ne ba ka yi ba." Sannan ta maƙala masa ɗan abin nan a yatsa mai auna iskar oksijin da ke cikin jini. Ya nuna 94. Ta ce ga mai lafiya an fi son a ga 95 zuwa sama, don haka nasa ba na tashin hankali ba ne, amma yana bakin iyaka.

Likitan farko bai ɓata lokaci ba. Duk tarin da ya wuce mako biyu, in ji shi, sai an fara kawar da zargin tarin fuka. Nan hankalin Yaya ya fi tashi, fiye da kan hawan jinin da ni nake ganin ya fi haɗari. Tunaninsa ya tafi kan yadda za a ware masa kofi da kwano, da yadda fasinja za su guje shi idan magana ta fita. Aka ba shi 'yar roba mai murfi, aka tura shi fili can nesa da mutane ya kawo kaki daga can cikin ƙirji, ba yawu ba. Gwajin, wanda ake yi da na'urar GeneXpert, kyauta ne, kuma shi kaɗai ne abin da ba mu biya ba a duk tafiyar. Sakamako ya fito babu. Hoton ƙirji ma bai nuna tabon tarin fuka ba, sai dai likitan ya ɗaga shi sama ya ce huhun kamar ya cika da iska fiye da kima, inuwar zuciyar kuma ta ɗan yi faɗi. Ya rubuta maganin hawan jini, ya tura mu ɓangaren masu ciwon ƙirji.

Jiran ranar ganin likitar ƙirji ya fi komai cin rai, amma ba zan tsaya a kansa ba. Duk wanda ya taɓa bin layin asibiti ya san zaman benci tun duku-duku, da fayil ɗin da za a ce ba a gani ba sai an sake dubawa.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na busa, da na'urar da suke kira sifiromita. Tun kafin ranar aka ce kada ya cika cikinsa da abinci, kada ya sa riga mai matse ƙirji. Ɗaki ne ƙarami, kwamfuta a kan tebur, da wani bututu mai bakin kwali da ake jefarwa bayan kowane mutum. Ma'aikacin ya auna tsayinsa, ya rubuta shekarunsa, domin da su na'urar ke lissafa abin da ya kamata huhun mutum irinsa ya iya. Ya matse masa hanci da wani ɗan maƙali. Ya ce ya ja iska har sai ƙirjin ya ƙi karɓa, ya kama bututun da leɓɓa gam, sannan ya fesar da ita da iyakar ƙarfinsa, kada ya tsaya.

"Busa! Busa! Ci gaba, Baba, ci gaba, kar ka tsaya, saura kaɗan!"

Yaron yana ihu yana buga tebur kamar mai kallon ƙwallo. Jijiyoyin wuyan Yaya suka tashi, idonsa ya kawo ruwa, kafin daƙiƙa shidan da ake nema ta cika tari ya sarƙe shi. Aka huta, aka sake, aka kuma sakewa, don sai an samu busa uku masu kyau da suka yi kusa da juna ake yarda da sakamako. Daga nan aka fesa masa maganin buɗe hanyoyin iska, salbutamol, aka ce mu jira kwata na awa, aka maimaita komai daga farko.

Abin da ake nema, kamar yadda likitar ta zana mana a bayan takarda, shi ne nawa ne daga cikin iskar da mutum ya fitar ta fita a daƙiƙar farko. Mai lafiyayyen huhu yana fitar da mafi yawanta nan take. Idan bayan an ba da magani abin bai kai kashi 70 cikin 100 ba, to hanyoyin iskar sun tsuke tsukewar da ba ta sakewa gaba ɗaya. Da asma ce zalla, in ji ta, da maganin ya buɗe su sosai. Na Yaya ya ɗan motsa, amma ya tsaya ƙasa da layin. Sunan ciwon COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi, ciwon da a littattafan Turai aka fi jingina shi ga mashaya taba. Ta ce a nan kuwa tana yawan ganinsa a jikin waɗanda ba su taɓa riƙe kara ba: matan da suka tsufa a gaban murhu, masu tuya, masu gasa burodi, da mutanen titi.

Yaya ya ɗauka an gama. Sai ta ce saura zuciya.

"Likita, ni fa ƙirjina ne ke damuna. Me ya haɗa hayaƙi da zuciya?"

"Idan filtar kekenka ta toshe, wa ke shan wahala?"

"Inji."

"To, ka ba kanka amsa."

Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zano bugun zuciyarsa a doguwar takarda. Wani likitan kuma ya shafa masa wani abu mai sanyi da yauƙi a ƙirji ya yi hoton zuciya, muna kallonta a allo tana buɗewa tana rufewa. Bangon ɓangaren hagu ya yi kauri, alamar ta daɗe tana tura jini da ƙyar saboda hawan jinin da ba a kula da shi ba. Ɓangaren dama, wanda ke tura jini zuwa huhu kuma shi ke fara gajiya idan ciwon huhu ya yi nisa, bai taɓu ba tukuna. Ta danna masa idon sawu da yatsa ta ga babu kumburi, ta ce alhamdu lillahi mun zo da sauran lokaci.

Bayanin da ta yi mana daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ƙurar da ake gani, irin wadda ke kwanciya a kujerar keke, hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta, a fyace ko a tofar. Wadda ake tsoro ita ce wadda ido ba ya gani, ana kiranta PM2.5, ƙwayoyin da sai an jera wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Daga ƙuna suka fi fitowa: salansar mota, musamman mai dizal, janareta, bola da taya idan an cinna musu wuta, itace da gawayi. Suna wucewa har can ƙuryar huhu inda jini ke karɓar iska. Jiki yana ɗaukarsu a matsayin abokan gaba, sai ya tayar da kumburi don yaƙarsu, kuma kumburin ba ya tsayawa a huhu, yana bin jini ya zaga jiki. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu ma suna iya ratsawa su shiga jinin da kansu. A hankali bangon jijiyoyi ya yi tauri ya tsuke, jini ya hau, ya kuma fi saurin yin guda. Gudan nan idan ya toshe jijiyar zuciya, shi ne mutum yana zaune lafiya a ce ya yanke jiki ya faɗi. Idan ta ƙwaƙwalwa ya toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ciwon kan da yake komawa gida da shi kullum kuwa, ta ce ban da hawan jinin akwai hannun iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu.

Ta yi adalci, ba ta ɗora wa titi laifin duka ba. Mahaifinmu ya yi hawan jini, akwai gado. Akwai gishiri da dunƙulen miya. Akwai hayaƙin itacen da muka tashi a cikinsa a ɗakin girkin Inna. Ba wata na'ura da za ta raba ta ce wannan kaso na tirela ne, wannan na murhu ne. Amma shekara ashirin a bayan salansa, in ji ta, ba abin da za a ture gefe ba ne.

Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare, don haka da na koma gida sai na bi alƙaluman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacin da aka saba a 2019, kuma kaso mafi girma ba ta huhu suka tafi ba, ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne. A 2021 hukumar ta rage ma'aunin PM2.5 da take ganin ya dace a shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska. Binciken da Bankin Duniya ya yi a Legas ya samu 68, ya kuma ƙiyasta mutuwar mutum 11,200 a birnin a 2018 kaɗai, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Legas ke nan mai iskar teku da ruwan sama. Mu a nan muna da ƙarin da ba su da shi da yawa: hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Wannan ba mu da iko a kansa. Amma a daren hunturu iska mai sanyi tana kwanciya a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, sai hayaƙin gari ya rasa hanyar tashi. Shi ya sa idan ka fito da asuba a watan Janairu za ka ga hayaƙin bolar da aka ƙona jiya yana kwance a kan unguwa bai je ko'ina ba. Irin wannan rufewar ce ta haɗu da hayaƙin kwal a Landan a Disamban 1952, ta kashe mutum kusan 4,000 cikin 'yan kwanaki a ƙidayar farko, daga baya masu bincike suka kai adadin wajen 12,000. Su dai abin ya sa sun kafa dokar tsaftace iska a 1956.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne batun mai. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan irin dizal ɗin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma. A lokacin Turai ba ta yarda sinadarin sulfa da ke cikin dizal, wanda ke ƙara gurɓata hayaƙin mota, ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ma'aunin Najeriya kuwa ya ba da dama har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a koma 50. Duk waɗannan shekarun, Yaya yana tsaye a bayan tirela yana shaƙa.

Sai maganar magani, wadda ita ma sai da aka kai ruwa rana. Ƙwayar hawan jini bai yi gardama ba, duk da an gaya masa ba a dainawa don an ji sauƙi. Abin shaƙa ne ya ƙi. Ya ce ya ji ana cewa duk wanda ya fara ba ya rabuwa da shi, kuma ba zai fito da shi a tasha ana kallonsa kamar mai jiran kabari ba. Wata nas dattijuwa ce ta shawo kansa. Ta ce, "Ɗana, ciwon ne ba ya rabuwa da kai, ba maganin ba." Ta koya masa yadda ake yi: a girgiza, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da ake jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Da ta ga hannunsa da numfashinsa sun ƙi haɗuwa, duk maganin a harshe yake ƙarewa, sai ta ɗauko gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙar. A fesa a cikin gorar, a shaƙa ta bakinta a natse. Ta ce likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada dabarar sun ga tana aiki. An kuma karɓe ledar magungunan kemis da ya zo da ita aka tsince: wasu magungunan mura masu buɗe hanci da wasu na ciwon jiki da direbobi ke sha kamar gyaɗa suna ƙara hawan jini.

Abin da babu shi a kantin magani shi ne layi na ƙarshe: ya rage shaƙar hayaƙi. Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Keken ba tasa ba ce, kullum akwai balas da zai kai wa mai ita, ga 'ya'ya shida. Kuma lokacin da hayaƙi ya fi yawa, daga la'asar zuwa isha'i, shi ne lokacin da kasuwa ke tashi, fasinja ke rububi. A ce masa ya bar wannan lokacin, an ce masa ya bar rabin cinikinsa ke nan. Na so likitar a nan, don ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce ta san ba za ta iya rubuta masa sabuwar sana'a ba, a yi abin da zai yiwu.

Abin da ya yiwu a gida ya fi yawa, ko da yake shi ma da rigimarsa. Tun da rayuwa ta yi tsada bayan cire tallafin fetur a 2023, tukunyar gas ta koma ƙarƙashin gado aka dawo gawayi. Ba mu iya dawo da gas kullum ba, amma an fitar da murhu daga rumfar da ke jikin tagarsa zuwa fili. Kaskon wuta a ɗaki lokacin sanyi an hana. Maganin sauro na kunnawa ya ba gidan sauro wuri. Janaretan maƙwabci da ke tsaye a lungu daidai tagar ɗakin kwana, sai da na haɗa da limamin unguwa kafin aka matsar da shi. Turaren wuta ne ya fi wuya. Matar Yaya ta ce duk duniya a rasa abin da za a zarga sai turarenta. Aka yi sulhu a kan ta riƙa turara ɗakin idan ya fita, ta buɗe taga kafin ya dawo.

A titi kuwa, ya koma sa takunkumi mai lamba N95 ko KN95. Rawani ko hankicin da direbobi ke ɗaurawa yana tare ƙurar da ake gani ne kawai, ƙananan suna wucewa abinsu, kuma ko mai kyaun idan bai kama fuska ba iska ta gefe take shiga. Ba ya tare kabon monoksaid, wannan sai nisantar salansa. Yana ƙorafin zafi da tsada, yana kuma cire shi idan zai kira fasinja. Ya daina manne wa bayan manyan motoci a danja, yana barin tazara ko da wani zai shige gabansa, yana kashe inji idan gosulo ya yi tsawo. Na sa masa manhajar da ke nuna ingancin iska a waya. Yawancin abin da take nunawa na garuruwanmu ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam, saboda na'urorin awo na ƙasa ba su da yawa, amma idan lambar ta haura 150 ta koma ja, ko ba waya ma ido yana gani. A irin ranakun yana tashi da wuri, ni da ƙaninmu mu cika masa balas.

Da muka koma bayan 'yan watanni jinin ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, kakarin asuba ya ragu, yana kai ƙarshen aya idan ba mai tsawo ba ce. Likitar ta gaya masa gaskiya cewa abin da ya lalace a huhun ba zai dawo ba, aikin yanzu shi ne a hana shi ƙaruwa, a kuma tsare zuciyar. Ta ce duk ranar da ya ji ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora dutse, ko ciwo ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko baki ya karkace, kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye. Ta rubuta a maimaita gwajin busa bayan hunturu mai zuwa don a ga ko lambar ta tsaya ko ta ƙara sauka. Ta kuma ce a kawo mata autansa, mai shekara huɗu, wanda shi ma ƙirjinsa ke kuka da daddare idan sanyi ya shigo. An ba mu rana a wata mai kamawa. Kafin nan muna neman wanda zai karɓi keken daga la'asar, su raba balas ɗin.